Hoton Inna da Husufin Wata

Ummi ce ta tono maganar nan. Ta zo ganin gida da yaranta, ta jawo tsohon akwatin hotunana daga ƙarƙashin gado tana ta bincike, ga 'yan kasuwar hatsi, ga ma'aikatan jirgin ƙasa da hulunansu, ga angwaye, ga 'yan makaranta. Sai ta ɗago kai ta dube ni.

"Baba, kai da kaɗ ɗauki rabin mutanen Ƙaura hoto, ina na Inna? Sunanta anka sa mani, amma ko huskarta ban sani ba."

Na ce ta rufe mini akwati, na ɗauki buta na nufi masallaci alhali ba a ko kira salla ba. Ban ba ta amsa ba ran nan, ga ta yanzu a rubuce, ita da 'yan'uwanta duka. Kuma tunda an taɓo, gara in haɗa da ɗayar maganar da kuke jin nauyin tambayata. Na san kun ji tsofaffin unguwa suna ce mini Sa'idu Leƙe. Na san wani a cikinku ya taɓa dawowa daga makaranta da yagaggiyar riga saboda sunan nan, ya ce faɗuwa ya yi. To ku sani rashin hoton kakarku da wannan suna abu guda ne, rana ɗaya suka faru.

Wannan tun muna ƙarƙashin Sakkwato ne, jirgi yana shigowa Ƙaura yana ɗibar gyaɗa da hatsi, gari cike da baƙi. Ina da shagon hoto kusa da tasha. A hannun wani Bayarabe na koyi sana'ar, da ya tashi komawa garinsu ya bar mini kyamararsa, wadda mutane ke ce wa akwati, irin mai ido biyu ɗin nan, ɗaya bisa ɗaya. Ku da kuka saba da waya ba za ku gane ta ba sai na faɗa muku. Ba a ɗora ta a ido. Kafa ta ake yi daidai ciki, a buɗe murfin samanta, mutum ya sunkuyar da kai yana kallon wani ɗan gilashi kamar tafin hannu, a nan yake ganin abin da ke gabansa. Wato mai ɗauka kansa a ƙasa yake, ko da kuwa abin da yake ɗauka yana can nesa. Ku riƙe wannan, don shi ya kashe ni. A lokacin kuwa ina da mutunci, ba yabon kai ba. Ni kaɗai ne mai hoton da ake ce wa shigo har tsakar gida ranar suna ko biki, magidanci ya bar ni da iyalinsa ya koma zaure, don an san ɗan manoma ne ni daga ƙauyukan Zurmi, kuma ana ganina a sahun salla.

Gidanmu na lokacin ginin ƙasa ne, ɗakina soro, da 'yar matakala ta baya. Ta gabas katanga ɗaya muke da Alhaji Mamman, dillalin hatsi, dattijo mai iyali da yawa. Ya girme ni nesa, amma kullum bayan magariba a tabarmarsa muke cin tuwo, kwanona da nasa a haɗe. Ƙa'idar unguwa kuwa kowa ya san ta. Namiji ba ya hawa soro, ko yaɓe zai yi ko shanya, sai ya aika maƙwabta an ce za a hau sama, mata su shige ɗaki ko su yafa mayafi, sa'annan ya taka matakala. Ko magini da aka ɗauko daga wani gari ya san wannan, balle ni da na girma a ciki.

A bazarar shekarar Inna ta zo daga ƙauye neman maganin tari, ta sauka wurinmu, Ummi tana goye ba ta fara zama ba. Ni ne ɗan farin Inna, kun kuwa san yadda mutanen da suke da ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta zama inda nake, ba ta miƙa mini abu hannu da hannu, in na shigo gaishe ta sai ta juya fuska gefen bango ta amsa a taƙaice. In tana da magana da ni, mahaifiyarku Hajara take faɗa wa, ina zaune a wurin ina ji.

"Hajara, ce ma mai gidanki rigag ga tashi ta yi datti."

Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma na san a ƙauye in an taɓa ni ba ta barci. Amma ina gaya muku gaskiya, na kai shekara talatin ban san kalar ƙwayar idon uwata ba. Hoto kuwa ko zancensa ba ta so. Ta ce ita ba 'yar iska ba ce da za a manna ta a bango maza suna kallo. Hajara ce ta yi mata dabara, Allah ya ji ƙanta, mace ce mai wayo. Ranar da abin zai faru, bayan la'asar, ta yi wa Ummi wanka ta shafa mata kwalli, ta kai ta ta aza a cinyar Inna.

"Inna, takwararki za a ɗauka. Ke dai riƙe ta kurum kada ta hwaɗi."

"Ni kam ba ni ciki ko?"

"Ina ruwan akwati da ke? Jinjira shika nema."

Inna ba yarinya ba ce, ta gane sarai. Ta ce a ba ta wuri, ta shiga ɗaki, sai ga ta ta fito da zanenta na saƙi wanda take ajiya don salla, ta gyara ɗaurin kallabi, ta zauna kan kujera 'yar tsugune a gindin bangon da rana ke haskawa, tana ta mita wai an ɗora mata wahala. Na kafa kyamara, na sa sabon fim, na sunkuyar da kai. A cikin gilashin nan na gan ta ƙarama, da jaririya a cinya, fuska a karkace kamar kullum. Na ce a dubo akwatin. Sai ta ɗago. Ita akwati take kallo ba ni ba, ni kuma kaina a ƙasa, ba wanda ya keta kunyar wani, amma ga idon Inna cikin nawa. Idanu ne manya, masu ɗan ja-ja a gefe, da wata 'yar dariya a ciki wadda ban taɓa sanin tana da ita ba. Na daɗe ban danna ba, ina ta murɗa abin gyara kamar bai daidaita ba, har Hajara ta ce yarinya za ta yi kuka. Na danna, na sake dannawa. Inna ta miƙa Ummi ta tashi tana kakkaɓe zane, ta ce an gama shashancin ke nan.

Da na bi hankali, da a daren na cire fim ɗin na wanke. Amma saura wuri da yawa a jikinsa, fim kuwa sai an yi saƙo Gusau ko Kano, kuma ina da wani buri. Na ji a rediyo cewa a daren za a yi husufin wata, da wuri, jim kaɗan bayan fitowarsa. Duk ƙasar nan ban san mai hoton da ya taɓa ɗaukar wata a kame ba. Na riga na ga hoton a raina an kafa shi a ƙofar shago, ma'aikatan jirgi suna tsayawa suna cewa Sa'idu ne ya ɗauka. Wauta ke nan ta ƙuruciya, don da irin kyamarar nan watan da zai fito a takarda bai fi ƙwayar wake ba, na kuma san haka.

Bayan isha'i wata ya ɗan ɗaga ta gabas, cikakke, sai gefensa ya fara cinyewa. Kafin ka ce me, gari ya ɗauka. Yara suka fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni suna bugawa suna zagaya unguwa, suna roƙon rana ta saki wata. Mata a cikin gidaje suna kiɗan ƙwarya, wasu suna luguden turmi ba komai a ciki, tsofaffi suna salati, maza suka nufi masallaci da Liman. Inna ta shimfiɗa buzunta a ƙofar ɗaki tana jan carbi. Ni kuwa na saɓa sandar kyamara mai ƙafa uku na yi bayan ɗaki. Hajara ta biyo ni.

"Malam, ka aika gidan Alhaji?"

"Wa za ni aikawa? Yara duk sun bi gari."

"To bari in leƙa ta katanga in hwaɗa masu."

"Ke, kahin ki gama gaisuwa an saki watan. Wa ka ganina cikin duhun ga? Kowa sama shika kallo."

Na haye. Wallahi, na rantse muku da wanda raina ke hannunsa, ban hau don in ga kowa ba. Amma watan bai yi sama sosai ba, yana rataye daidai bisa gidan Alhaji Mamman, dole bakin kyamara can ya fuskanta. Ya rine ya koma ja kamar garwashin da ya fara mutuwa, abin tsoro abin sha'awa, har na manta da inda nake. Na buɗe idon kyamara na bar shi yana shan haske, na rufe, na murɗa, na sake. A wani karon ƙafa ɗaya ta sandar ta nutse a yaɓen soro, kyamara ta dunkufa ƙasa ido a buɗe, na yi maza na tallabe ta. Don in ga lambobin da ke jikinta in sake daidaitawa, sai na kunna tocila. Hasken nan shi ya tona ni. Zafi ake yi na bazara, matan gidan Alhaji da 'yan matansa duk suna tsakar gida da ɗaurin ƙirji, ba kallabi, ga fitilun ƙwai a ajiye. Wata daga cikinsu ta waiwayo ta ga haske ya walƙa a kan soro, ga namiji tsaye da akwatin hoto ya saita gidansu, kansa a sunkuye. Ihun da ta yi ya fi na masu gwangwani.

"Wayyo Allah! Mai hoto na bisa! Shina ɗaukar mu!"

Na ji ƙwarya ta fashe, na ji gudu da faɗuwa, ƙofofi suna bugawa. Yadda na sauko matakalar nan ban sani ba. Na tarar da Hajara tsaye ta dafe kai da hannu biyu, Inna kuwa ko motsi ba ta yi ba, carbinta kawai ya tsaya. Aka saki wata, yara suka yi ta sowa a waje, ni ina zaune a ɗaki da kyamara a gabana kamar an ajiye mini gawa.

Da sassafe Mai Unguwa ya aiko, a zo da akwatin yadda yake, kada a taɓa shi. Ina sa hula na ji muryar Inna daga tsakar gida.

"Hajara, ce mashi in an ba shi Alƙur'ani, kada ya dahwa kan abin da bai tabbata ba."

Zauren Mai Unguwa ya cika har waje, har da waɗanda ko gaisuwa ba ma yi. Alhaji Mamman yana zaune gefe, bai dube ni ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Na durƙusa na yi bayani tun daga rediyo har tocila. Wani ƙanen Alhaji, mai baki kamar reza, ya katse ni.

"Tsaya, Sa'idu. Wata sama shike ko ƙasa?"

"Sama."

"To mi ya sa anka gane ka kai sunkuye kana leƙen ƙasa? Mu nan duk da munka kalli wata, wuya munka ɗaga."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Na buɗe murfin kyamara na ce su zo su duba yadda ake kallo da ita. Ba wanda ya taso. Wa zai leƙa akwatin da ake cewa matan Alhaji suna ciki? Na ce to a bar ni in wanke fim ɗin, kowa ya ga abin da ke kai. Ƙanen ya ce wato a bar ni ni kaɗai a ɗakin duhu in cire wanda nake so in ɓoye. Na ce a haɗa ni da shaida. Sai a lokacin Alhaji ya yi magana, a hankali, yana kallon tabarma.

"Shaidan ga namiji na ko? In iyalina na ciki, kun ƙara mani mai kallo na biyu ke nan."

Gaskiya ya faɗa. Liman, mutumin kirki, ya so ya fitar da ni. Ya ce abu mai sauƙi ne, in yi alwala in dafa Alƙur'ani in rantse babu komai na gidan Alhaji a cikin akwatin, magana ta mutu, in tafi da kayana. Aka ɗauko Alƙur'ani a gafaka aka ajiye gabana. Jama'a, ga ƙofa a buɗe. In na rantse, na tsira da fim ɗina, da Inna a ciki. Kuma a sanina na sana'a, abin da kyamara za ta kama a duhun nan lokacin da ta dunkufa bai wuce ɗigon hasken fitila ba. Amma ta dunkufa, ido a buɗe, tana kallon tsakar gidan mutum. Ban gani ba, ban tabbata ba. Na zauna ina kallon gafakar nan, maganar Inna tana yawo a kunnena. Na ce ba zan iya rantsewa ba.

Kun san yadda zaure yake yi in an ce an kama ɓarawo? Haka ya yi. Wani ya ce ashe dai, wani ya yi salati, wani daga waje ya ce leƙe ya tabbata. Kunyar da na ji a lokacin ban taɓa jin irinta ba, ko a ranar da aka yi mini kaciya. Na tashi da kyamara na fita cikin rana, suka biyo ni. Na buɗe bayanta, na zaro fim ɗin, na ɓalle takardar da ke naɗe da shi, na warware shi tsawonsa na ɗaga sama, rana ta bazara ta dake shi. Na ce duk abin da ke ciki ya ƙone, na wata da na wanda ba wata ba, ba mai sake ganinsa har abada. Ba wanda ya san abin da na ƙona sai ni. Alhaji ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce shi ya yafe, ya tafi. Ya yafe ɗin kuwa, bai sake tayar da maganar ba har ya rasu, amma ban ƙara zama a tabarmarsa ba, shi ma bai ƙara aikowa a kira ni ba.

Abin haushi, ƙona fim ɗin bai wanke ni ba. Cewa aka yi da babu komai a ciki ai da na rantse. Kafin sati sunan ya bi gari. Gidajen da ake ce mini shigo suka koma cewa a fito da jariri zaure. Hajara ta daina zuwa biki a unguwa kusan shekara, don da ta shiga sai hira ta tsaya. Na koma ɗaukar hoton fasfo da na 'yan makaranta, da zuwa Shinkafi ranar kasuwa inda ba a san ni ba, da haka na ciyar da ku. Ina jin haushin mutanen Ƙaura a kan wannan har gobe, ba zan ɓoye ba, amma in na gama jin haushinsu sai in tuna Hajara ta ce bari ta leƙa ta katanga, na hana ta.

Da na dawo gida ran nan, na zauna a ƙofar ɗaki da mataccen fim a aljihu. Inna tana tsinke zogale, ta ba ni baya.

"Hajara, tambaye shi, ya rantse?"

"Bai rantse ba, Inna."

"To madalla." Ta ci gaba da tsinka. Can ta ce, "Hoton takwarata hwa, yaushe za shi hitowa?"

Hajara ta dube ni. Ni na amsa, karo na farko a rayuwata da na mayar wa Inna magana kai tsaye ba a tambaye ni ba. Na ce yana cikin wanda na ƙona. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Har da ni ciki?"

"Har da ke, Inna."

Hajara ta yi ƙarfin hali ta ce ai ba komai, in an kawo wani fim sai a sake, ga zanen nan ba a ko ninke shi ba. Inna ta girgiza kai.

"A'a. Rashin kunya guda ta isa tsohuwa." Sa'annan ta ƙara, ƙasa-ƙasa, ba ta juyo ba, "Ai ya gane ni."

Bayan kwana kaɗan ta ce ita gida za ta, shuka ta matso. Na raka ta tashar mota ina riƙe da ƙullin kayanta, ta shiga motar Zurmi ta zauna ta ɓangaren da ba na tsaye. Na yi ta cewa a raina da kaka zan je ƙauye da kyamara, in sa Hajara ta sake yi mata dabara. Tarin bai bar ta ta ga kaka ba. Ana tsakiyar damina aka aiko, kafin in isa ta hanyar nan mai laka har an kai ta.

Daren da na dawo daga zaman makoki na shiga ɗakin duhu na wanke fim ɗin nan. Na san aikin banza ne, ni na ƙona shi da hannuna, amma na ce ko wani lungu ya tsira. Ya fito baƙi ƙirin daga farko har ƙarshe. Ban yar ba. Ummi, in kin sake zuwa, ki duba ƙasan akwatin da na hana ki ƙarasa bincikawa, akwai wani gwangwanin madara da tsumma a bakinsa. Ki warware abin da ke ciki a hankali, ya tsufa, yana karyewa. Ba za ki ga komai ba. Amma wajen farkonsa, kamar faɗin tafin hannu daga baki, nan kakarki take zaune da zanenta na saƙi, kina kan cinyarta, ta ɗago kai tana dubana.